Bulalar Mushe a Tenhya: Ina Iyakarta?

A watan Oktoba, damina na ɗaukewa, makarantun boko ke buɗewa a Nijar. A Tenhya, can arewacin gundumar Tanut, lokaci ne da makiyayi ke zama ya yi lissafi: ya bar ɗansa a lakwal, ko ya kora shi bayan dabbobi. In ya bar shi, galibi a makaranta mai kantin ce, inda yaro zai ci ya sha a hannun mushe, wato malamin boko, iyayensa kuwa wataƙila sun yi nisan kwana biyu a kan raƙumi. Malamin ya zama uba, ya zama alƙali, kuma cokalin abinci ma a hannunsa yake. To, in yaron ya yi laifi, har ina ikon malamin ya tsaya?

Amsar da muka tashi da ita kowa ya san ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Har da wadda ta fi su ƙarfi a zukatan iyaye, wai duk inda bulalar malam ta taɓa, wuta ba za ta ci ba. Da wannan ake rufe bakin yaro da na uwarsa, kuma duk wanda ya ce a sassauta sai a ce ya kwaso aƙidar Nasara.

Sai dai malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun riga Nasara magana. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, a Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 870, ya rubuta ɗan littafi kan ladubban masu koyar da yara. Bai haramta bulala gaba ɗaya ba, amma ya ɗaure ta tamau: kada ta wuce uku sai da izinin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kada a hana yaro cinsa da shansa, kada kuma malami ya yi duka don huce fushinsa. Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya ƙara da cewa ba a zagin yaro ana kiran sa biri, ba a kuma ba wani ɗalibi bulala ya daki ɗan'uwansa, domin yara na da 'yan kullace-kullace a tsakaninsu. Wanda ya taɓa shan dukan shugaban aji ya san abin da shehin ya hango. Ibn Haldun, a Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya ɗauko hukuncin bulala uku daga Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, sannan ya bayyana illar tsanani: yaron da aka reno da duka yakan koyi ƙarya da munafurci da kasala, don ya tsira da fatarsa.

Bayan fiye da shekara 600, masana halayyar yara biyu daga Kanada, Victoria Talwar da Kang Lee, sun gwada wannan magana a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, suka buga sakamakon a 2011. Makarantu biyu suka ɗauka, ɗaya ana duka, ɗaya kuma nasiha da tsawatarwa kawai. Aka ajiye abin wasa a bayan yaro ɗan shekara 3 ko 4, aka ce kada ya waiwaya, aka fita. Yawancin yaran duka makarantun sun leƙa, yaro yaro ne. Bambancin ya fito da aka tambaye su. A makarantar bulala kusan duk waɗanda suka leƙa sun musanta, kuma sun fi gwanancewa wajen kare ƙaryar; a ɗayar, kaɗan ne suka haura rabi. Wani binciken da UNICEF ta fitar a 2015, wanda ya bi yara shekara da shekaru, ya nuna cewa a Indiya da Peru da Biyetnam, waɗanda aka daka a makaranta suna da shekara 8 sun fi rauni a lissafi da suka kai 12. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai jin tsoro hankalinsa na kan hannun malami, allo kuwa ko oho.

Ta fuskar doka, tun 1981 ma'aikatar ilimin Nijar ta fitar da takardar umarni da ta hana duka a makarantun gwamnati. A 1990 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda sashenta na 28 ya ce horon makaranta dole ya kiyaye mutuncin yaro. Togo a 2007 da Benin a 2015 sun shigar da hanin cikin kundin dokokinsu na yara. Namu ya tsaya a takardar ofis, kuma takardar ofis ba ta cika yin nisa ba. Daga Damagaram zuwa Tanut tafiyar kusan kilomita 150 ce a kan hanyar Agadas. Daga nan zuwa makarantun daji sai rairayi. Sau nawa sufeto zai taka can a shekara?

Amma abin da ya fi damuna shi ne wane laifi ake hukuntawa. A Tenhya akwai Buzaye da Fulani da Larabawa da Hausawa. Yaro ya sha nono da Tamashek ko Fulatanci, ya shigo ajin farko, wato CI, mushe yana yi masa Faransanci, in ya ga an kakare ya juya zuwa Hausa, wadda ita ma wataƙila a kasuwa kawai yaron ke jin ta. Aka tambaye shi, ya yi shiru. Sai tsumagiya. Ni na yi zamanin sambol, ɗan ƙashin nan ko guntun icce da ake rataya wa duk wanda aka kama yana yaren uwarsa, wanda ya yini da shi a wuya kuma ya sha na jaki. Abin da muka koya a ciki shi ne leƙen asirin juna da ɗinke baki. Ƙasar da ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, ta kuma ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, bai kamata a ce har yau ana dukan yaro a cikinta don bai gane harshen da ba nasa ba. Rashin sani ai shi ya kawo shi makarantar. In za a dake shi a kansa, me aka ɗauki malamin ya yi?

Ga kuma wani abu da malamin birni ba ya fuskanta. Ɗan Yamai in aka dake shi, gobe uwarsa za ta sake tura shi. Ɗan makiyayi yana da wurin zuwa: garke na jira, rijiya na jira, uban ma dama da ƙyar aka shawo kansa. Mari guda na iya zama ƙarshen karatu. In yarinya ce aka kunyata gaban aji, ko malami namiji ya ɗora mata hannu, sai gida, daga nan sai maganar aure.

Ba zan ɗora wa malamai laifin duka ba. Da yawansu 'yan kwantiragi ne, matasa da aka jefa daji da ɗan horo kaɗan, wani yana haɗa aji biyu ko uku a rumfar zana, albashi na makara. Wanda aka ce ya ajiye bulala ba a ba shi komai a madadinta ba, zai ɗauko ta ranar da yara suka fi ƙarfinsa. Madadin kuwa akwai. A gundumar Luwero ta Yuganda, ƙungiyar Raising Voices ta gwada wani tsari a bincike mai makarantu 42: malamai da ɗalibai suka zauna suka tsara dokokin aji da hukuncin kowane laifi. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna dukan da malamai ke yi ya ragu da kashi 42 cikin 100. Horon da ke aiki shi ne mai alaƙa da laifin. Wanda ya ɓata aji ya share, wanda ya yaga littafi ya liƙe, mai surutu a raba shi da abokinsa ya dawo gaban allo, wanda ya daki wani ya ba shi haƙuri gaban shaidu, in abin ya yi girma a kai ga darakta da wakilin iyaye. Mai latti kuwa a fara tambayarsa daga ina ya taso; wani ya shayar da awaki kafin ya kamo hanya.

A ganina iyakar a fili take. Malami na da ikon tsawatarwa, da sa aiki, da hana wasa, da kiran iyaye. Ba shi da iko kan jikin yaro, ko a ce dorina ce ko kamun kunne da durƙuso a rana, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Ba shi da ikon aibata iyayen yaro ko ƙabilarsa. Tuwon kantin kuma ba nasa ba ne balle ya hana. Ɗan Sahnun ya yanke maganar abincin nan fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Kowace makarantar gwamnati na da kwamitin kula da ita, CGDES, ga ƙungiyar iyaye, ga ta uwaye mata. Kira nake gare su a Tenhya da sauran yankin Damargu har Belbeji: kafin iyaye su watse bin kiwo a bana, ku zauna da darakta da hakimi da liman, ku rubuta abin da malami zai iya yi da wanda ba zai yi ba, a karanta wa yara da Tamashek da Fulatanci da Larabci da Hausa, a kuma naɗa dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya a garin waɗanda yaro zai kai wa kuka in iyayensa na nesa.