Me ya sa tsohuwar kwalbar shampen ke kai dubban Euro?

Duk matar da ta iya haɗa humra a Rusairis ko Mai Wurno ta san ba a ranar da aka haɗa ta take ƙamshin gaske ba. Sai an toshe kwalbar an ajiye ta a inuwa, sandal da mahlab da kanumfari sun kama juna, sannan a kai ta ɗakin amarya. Da wannan misali za a fahimci kalmar da masu bin sashen Faransanci ke cin karo da ita a labaran gwanjo, wato millésime, da kuma dalilin da attajirai ke zuba kuɗi kan tsofaffin kwalaben shampen.

Shampen giya ce mai kumfa, kuma Musulunci ya haramta giya. A Sudan, Ja'afar Numeiri ya hana ta a Satumban 1983, sai a 2020 aka sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba. Amma yadda aka gina darajar wannan haja darasi ne na kasuwanci da ya shafi mai noman riɗi da mai tsagar ƙaro.

Sunan na wani yanki ne, Champagne, a gabashin Paris, inda biranen Reims da Épernay suke. Dokar 1927 ce ta shata iyakar gonakin inabinsa, waɗanda faɗinsu ya kai kimanin hekta 34,000, a 1936 kuma aka ba sunan kariyar hukuma. A Tarayyar Turai, duk giya mai kumfar da aka yi a wajen wannan iyaka ba ta da ikon amsa sunan.

Kumfar tana samuwa ne a cikin kwalba. Bayan ruwan inabi ya zama giya, sai a ƙara masa sukari da yisti a toshe. Iskar da yistin ke fitarwa ba ta da hanyar fita, har matsinta ya ninka na tayar mota kusan sau uku. Yistin yakan mutu ya kwanta, kuma zaman giyar tare da wannan laka shi ke sauya ɗanɗanonta a hankali. Ana jera kwalaben a ramukan farin dutse na ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 10 zuwa 12 rani da damina.

Yawancin shampen gauraye ne na girbin shekaru daban-daban, kuma doka ta ce ya yi aƙalla wata 15 a rami. Millésime kuwa na girbin shekara guda ne, da shekarar rubuce a jikin kwalba, kuma sai ya yi aƙalla shekara 3. Ba kowace shekara kamfanoni ke fitar da shi ba, sai wadda inabi ya yi kyau, kamar 1996 da 2002 da 2008. Tun da girbin shekarar da ta wuce ba ya dawowa, duk kwalbar da aka buɗe ta rage adadin da ya saura a duniya, farashin sauran kuma ya hau.

Masu ɗanɗano na sana'a sukan duba launi, su shinshina, su kurɓa su tofar. Tsohon shampen yakan koma ruwan zinare, kumfarsa ta ragu, ƙamshinsa ya karkata zuwa na zuma da gasasshen burodi. A 2009 an buɗe kwalbar Perrier-Jouët ta 1825 a Épernay, aka tarar kumfar ta kusa ƙarewa amma giyar ba ta lalace ba. A 2010 masu ninƙaya sun gano kwalabe 168 a wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibiran Åland na Finland, bayan kimanin shekara 170 a duhu da sanyin tekun Baltic. Ɗaya daga ciki, ta Veuve Clicquot, an sayar da ita Euro 30,000 a 2011. Binciken masana na jami'ar Reims ya nuna sukarinta ya haura giram 140 a lita, alhali irin da aka fi sha yau bai kai giram 12 ba.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Zafi da haske suna kashe kwalba, don haka mai saye yakan nemi shaidar inda ta fito da hannun da ta bi. Inda kuɗi ya taru kuma ba a rasa 'yan damfara: a 2014 wata kotun Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10 saboda sayar da jabun tsofaffin giya.

A nan ne labarin ya taɓo jihar Blue Nile. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, Faransa kuma na cikin manyan masu sayensa, suna tace shi su sayar wa kamfanonin lemo da alewa da magani. Sai dai buhun hashab ko talha yakan bar ƙauye ba sunan gari, ba shekarar tsaga, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula hanyarsa. Ribar suna takan tafi ga wanda ya manna tambari a can ƙarshe.

Nijar ta gwada wata hanyar. Hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asalin wuri, irin tsarin da ya kare sunan Champagne. Rajistar tana buƙatar masu sana'a su haɗu a ƙungiya, su rubuta iyakar yankinsu da ƙa'idar aikinsu, su kuma yarda a riƙa duba su. Riɗi da zoɓo da ƙaron Blue Nile ba za su samu irin wannan daraja ba sai manoma sun fara da abin da ke hannunsu: tsabtace kaya, ware na kowane kaka, da rubuta sunan gari da shekara a kan buhu.