Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi Bayan Ta Yi Zafi: Rikicin Kik Da Bututun Salansa

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke zaune a Karshi sun san tsawon hanyar ofis: Orozo, Kurudu, Jikwoyi, Karu, sannan cunkoson Nyanya kafin a kai sakatariya. Ga mai tsohuwar mota, wannan tafiya jarrabawa ce. Motar takan tashi lafiya da asuba, amma da zarar an kashe ta a gidan mai bayan awa guda cikin cunkoso, sai a murɗa makulli a ji "ƙas" kawai. Da yawa sukan ɗora laifin kan batir su sayi sabo, alhali matsalar tana can ƙasan inji, inda kik ya maƙale kusa da bututun hayaƙi.

Akwai irin waɗannan motoci da dama a hannun ma'aikata. Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, an fara haɗa ta a Kaduna a 1975, ta kuma daɗe tana matsayin motar gwamnati. Sa'ad da aka fara biyan ma'aikata kuɗi maimakon ba su gida da mota a 2003, motocin ofis da yawa sun koma mallakar masu hawansu. Tun daga lokacin an sauya wa wasu inji, an ƙera wa wasu salansa a wurin mai walda. A nan ne rikicin ke samo asali, domin wurin da masana'anta ta auna wa kowane ƙarfe ya canja.

Darasi daga Amurka

Masu tsofaffin motocin Amurka masu silinda takwas, irin su Ford Mustang ta 1964 da Chevrolet Camaro ta 1967, sun daɗe da sanin wannan ciwo. Sukan cire manifol na asali su sa bututai huɗu a kowane gefe domin hayaƙi ya fita da sauƙi. Bututan sun fi cin wuri, ƙarfensu kuma siriri ne, don haka zafinsu yana gasa kik kai tsaye.

Dalilin gazawar a fili yake. Wayar tagulla tana ƙara turjiya ga lantarki da kimanin kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Idan kik ya gasu, wutar da ke ratsa shi ba ta isa ta juya inji, sai ya huce sannan ya farfaɗo.

Akwai kuma batun haƙora. A ƙananan injinan Chevrolet, faifan da ke bayan inji yakan zo da haƙora 153 ko 168, kowanne da irin kik ɗin da ya dace da shi. Idan aka haɗa wanda bai dace ba, ko aka bar tazarar haƙoran ba daidai ba, sai a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Tazarar da ake so ba ta kai milimita 1 ba, kuma da siraran faranti ake daidaita ta. Wanda ya yi biris da wannan ƙara, wata rana sai an sauke giya kafin a sauya faifan, kuɗin aikin kuwa ya ninka na kik sau da yawa.

Abin da ya kamata bakanike ya duba

Kafin a nufi kasuwar kayan mota ta Apo, a fara da awo. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin tayar da inji. Idan ya ci wannan gwaji, mai wayarin ya auna babbar wayar da ke zuwa kik da wadda ke haɗa inji da bodi. Asarar da ta wuce rabin bolt alama ce ta tsatsa ko wayar da ta yi ƙanƙanta.

Daga nan sai robobin da inji ke zaune a kansu. Idan sun lotse, inji yakan sauka, bututu ya taɓa kik ko sandar sitiyari. Wasu masu gyara kan ɗauki guduma su lotsa bututun, amma sauya robar shi ne gyara na gaskiya.

Idan har yanzu wurin ya matse, akwai mafita uku: a sa garkuwar ƙarfe tsakanin kik da bututu tare da barin iska a tsakani, a sayi ƙaramin kik na zamani mai ƙarfin juyi, ko mai walda ya sake lanƙwasa bututun. Wajen ɗaurawa, a saka bututu da kik a sassauce tukuna, a tabbatar yatsa na iya shiga tsakaninsu, sannan a ɗaure notocin daga tsakiya zuwa gefe.

Lamarin ya wuce makara zuwa ofis. Babbar wayar kik a yawancin tsofaffin motoci ba ta da fis, saboda haka idan zafi ya narkar da rigarta ta taɓa ƙarfe, gobara na iya tashi nan take. Gaskit mai yoyo kuwa yana shigo da iskar guba marar wari cikin mota, musamman a cunkoso idan gilasai na rufe. Duk wanda aka taɓa sauya wa motarsa inji ko salansa, ya sa a ɗaga ta a duba waɗannan wurare biyu kafin zafin watan Maris ya kama.