Mai ƙera motar tsere: hannu ne ke neman maɓalli, ba ido ba

Da yawa daga cikinmu mun fara ƙirar mota da karan dawa, gwangwanin madara da tsohon silifa. A Jabo da Tambuwal da Kebbe har yau yara na yi. Wannan wasa ba abin rainawa ba ne. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, asalin gidansu Dogon Daji ne, a ƙaramar hukumar Tambuwal. Sai dai idan muka girma muka koma ƙarfe da walda, hankalinmu yakan tafi ga inji da fenti. Wurin zaman direba kuwa sai a ƙarshe, a huda rami duk inda waya ta kai a liƙa maɓalli. Masu tseren mota sun daɗe da gane cewa wannan ganganci ne.

A Amurka akwai tseren da motoci biyu ke fafatawa a miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402, kuma da yawa daga motocin a garejin gida ake haɗa su. Ƙungiyar NHRA, wadda aka kafa a 1951, ita ce babbar mai shimfiɗa dokokinsa. Mu yi ɗan lissafi: motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 56 a daƙiƙa guda. Direban da ya sunkuya daƙiƙa ɗaya yana neman maɓalli ya wuce rabin filin ƙwallo bai ga gabansa ba.

Shi ya sa maƙeran ke fara kafa kujera. Direba ya zauna da hular kwano da safar hannu, a ɗaure shi da ɗamarar kujera mai riƙe kafaɗu da ƙugu tamau, sannan a auna inda hannunsa ke kaiwa. Abin da mutum ke taɓawa cikin sauƙi yana sake, idan an ɗaure shi sai ya gagare shi. Daga nan a raba kayan gida uku. Na cikin gudu, kamar giya, suna kan sitiyari ko dab da shi. Na gaggawa, wato makashin inji da na famfon mai da abin sakin laimar da ke rage gudu, suna inda hannu zai faɗa musu kai tsaye. Na kafin tashi, kamar fanka da fitila, su ne ake turawa gefe. Idan an mayar da batir bayan mota, dokar NHRA ta wajabta sanya babban makashin wuta a can baya, ta waje, don masu ceto su kashe komai ko da direba ya suma.

Siffar maɓalli ma magana ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin B-17 sun riƙa naɗe tayoyi bayan sauka, jirgi ya faɗi rub da ciki. An yi ta zarginsu da sakaci, har masani Alphonse Chapanis ya lura cewa maɓallin taya da na fiffike iri ɗaya ne, kuma suna jere. Aka sa wa ɗaya siffar taya, ɗayan siffar fiffike, hannu ya riƙa bambance su ba tare da an duba ba.

A nan gida ma muna da abin koyi. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Ya sa maɓallin tayarwa, sandar totur tsakanin kujeru, da wata sanda daban ta daidaita jirgin. Kowane aiki da abin riƙonsa da wurinsa.

Wannan darasi ba ya buƙatar inji ko fetur. A ƙungiyar kimiyya ta makarantarku, ku samo kujera da kwali da marafan kwalba masu siffa daban-daban. Ku ɗaure abokinku a kujerar da rawani, ku rufe masa ido, wani ya riƙa kira: “Kashe inji! Kashe mai!” Duk marfin da ya laluba bai samu nan take ba, ku canja masa wuri, ku sake gwadawa da dogo da gajere.

Abu na ƙarshe, ƙanne: ana yin wancan tsere ne a killataccen fili, da motar asibiti da 'yan kwana-kwana a gefe. Titin Sakkwato zuwa Jega, mai tireloli da shanu da 'yan makaranta, ba wurin gwada gudu ba ne, haka ma wasan mota na ranar biki.