Wurno: Ribaɗin Bello Da Ya Zama Garin Albasa Da Tafarnuwa

Wurno gari ne da ke arewa maso gabashin birnin Sakkwato, kuma shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Wurno. Garin yana zaune a kan tudu, fadamar Gulbin Rima tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Wannan zama tsakanin tudu da fadama shi ya tsara tarihin garin da abincin mutanensa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Wurno a wajajen 1830 a matsayin ribaɗi, domin tsare Sakkwato daga harin Gobirawa da Abzinawa. Manufarsa ita ce a zaunar da jama'a a bakin iyaka, su yi noma, su yi karatu, su kasance cikin shirin yaƙi. Shi kansa ya tare a can, a can ya rasu a 1837, kuma har yau ana zuwa ziyarar hubbarensa.

Wasu daga cikin magadansa sun ci gaba da zama a Wurno, har garin ya zama tamkar fada ta biyu. A zamanin Aliyu Babba ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka garin a 1853. A 1885 kuma Joseph Thomson ya iso da takardar yarjejeniyar wani kamfanin Ingila zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Wurno ta koma gunduma, hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Cikin waɗanda suka riƙe ta akwai Alhaji Shehu Malami, tsohon jakadan Najeriya a Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 2022.

Noman Wurno kashi biyu ne. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ana shuka gero da dawa da wake a jigawa, shinkafa kuma a fadama. Da ruwa ya janye sai a koma noman rani: a ja fangali, a dasa albasa, a binne 'ya'yan tafarnuwa ɗaya bayan ɗaya, injin ban ruwa yana ta aiki tun da sanyin safiya. Idan kaya sun nuna, a cire, a shanya, a ɗura a buhu, fatake su kwashe zuwa kasuwannin Sakkwato da kudancin ƙasar.

Madatsar ruwa ta Goronyo, da aka kammala a 1984 a saman Gulbin Rima, ta ƙarfafa noman rani a yankin. Sai dai gulbin nan da ke ciyar da garin yakan yi ɓarna, kamar ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima. Ga kuma ƙarancin wurin ajiya, wanda ke tilasta wa manomi sayar da albasarsa da arha lokacin kaka. Gyaran magudanan ban ruwa da samar da rumbunan ajiya su ne manyan buƙatun manoman Wurno a yau.