Abin da ke sa gashi laushi

A Dakoro, in hunturu ya buso, fata takan yi fari, gashi ya bushe ya yi kaushi. Mai kitso ta sa matsefi, gashin ya dinga karyewa. Tun kaka da kakanni mata sun san dabara. Fulani suna shafa man shanu. Hausawa sukan jiƙa karkashi, su wanke kai da yauƙinsa. Yanzu kuma akwai wani farin mai na kwalba da ake shafawa bayan wankin kai. Cikinsa sau da yawa akwai wani sinadari mai wuyar suna, setirimoniyom.

In aka duba silin gashi da madubin likita, za a gan shi da ɓawo jere kamar na kifi. Sabulu yana fitar da dauɗa, amma yana tafiya da maiƙon gashi. Sai ɓawon ya tashi, sili ya sarƙe da sili.

To, lantarki ba cikin waya kaɗai yake ba. In aka goga matsefin roba a busasshen gashi, zai ɗauki ƴan guntayen takarda. Lantarki iri 2 ne: mai alamar tarawa (+) da mai alamar ɗebewa (−). Iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna, kamar bakunan mayen ƙarfe.

Jiƙaƙƙen gashi yana ɗauke da (−), balle wanda rana da man miƙar da gashi suka cinye. Shi kuwa setirimoniyom, kowace ƙwayarsa tana da kai da wutsiya. Kan yana da (+), don haka yake manne wa gashi. Wutsiyar mai maiƙo ce, jerin ƙwayoyin karbon 16, ana samo ta daga man itatuwa irin su kwakwa. Ko an ɗauraye, wani abu daga cikinsa yana nan liƙe. Ɓawo ya kwanta, matsefi ya wuce sumul. Ana zuba danginsa cikin wasu mayukan shafawa na fata.

Sabulu ma (−) gare shi. In aka gama su lokaci ɗaya, sai su kama juna su bar gashi, kuɗi ya tafi a banza. Shi ya sa ake ɗauraye sabulu tukuna, sannan a shafa man, a jira minti 2 ko 3, a sake ɗaurayewa. A kiyaye ido, don yana sa zafi.