Kwamfutar Tana Afirka ta Kudu, Ɗalibin Yana Tudun Wada

Ɗalibin da ke koyon sarrafa tarin bayanai a Jami'ar Jihar Gombe, ko a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, sau da yawa ba a kan kwamfutarsa yake aikin ba. Babban aiki da manhajoji irin su Hadoop da Spark ya fi ƙarfin ƙaramar kwamfutar ɗalibi, sai a karɓar masa hayar wata kwamfutar a rumbunan Amazon, Microsoft ko Google. Waɗanda ke nahiyarmu cikin manyan rumbunan nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon kuma a Cape Town a 2020. Ɗalibin yakan shiga kwamfutar ne ta hanyar da ake kira SSH, ta ƙofa mai lamba 22, kuma ranar da ta ƙi buɗuwa sai ka ji ana cewa "netwok ne".

Ba kullum ne netwok ba. Darussan da ake kwafowa an tsara su ne don mai intanet na dindindin, alhali a Gombe akasari da datar waya ake aiki, wadda adireshinta na IP ke sauyawa kusan duk lokacin da aka kashe aka kunna. Katangar tsaron kwamfutar kuwa adireshin jiya ta sani, saboda haka ta ɗauki mai ɗakin a matsayin baƙo. Gyaran bai wuce sabunta adireshin ba, amma da wuya a koyar da shi a makon farko. Haka kuma idan layi ya yanke ana tsakiyar aiki, aikin yakan mutu, sai fa in an tayar da shi a cikin tmux, wata 'yar manhajar kyauta da ke riƙe shi har a dawo.

Wani zai ce a buɗe ƙofar ga kowa a huta. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin manhajojin ɓarayi suna zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, in sun samu shiga su haƙi kuɗin kirifto, mai hayar ya biya da dala.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa jami'o'inmu su sayi nasu injinan su girke a gida. Suna da gaskiyarsu: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Yammacin Afirka, aiki ya yi ta cijewa a Najeriya kwanaki. Sai dai a watan Afrilun shekarar aka lalata turakun layin wutar Jos zuwa Gombe, gari ya shafe makonni a duhu. Injin da aka girke a jami'ar Kashere ko ta Tudun Wada da dizal kaɗai zai rayu a lokacin, na Cape Town kuwa yana ta aikinsa, yana jiran ɗalibi ya samu cajin waya.