Masu Zanen Gidaje: Gini Ya Tashi, Lada Ya Maƙale

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin da ke bayan garin Kaduna, ko Kano, ko Zariya, zai ga gidaje iri biyu, wato waɗanda aka gama aka tare, da waɗanda suka tsaya a linta har ciyawa ta cinye ɗakunan. Kusan kowannensu akwai wanda ya ɓata dare da rana ya fitar da zanensa, sau da yawa kuwa har yau bai ga ladan aikinsa ba.

Wanda ke zane a ma'aikatar ayyuka ko a wani babban kamfani, albashinsa na jiransa ƙarshen wata, ko an yi ginin ko an fasa. Mai zaman kansa kuwa, wanda ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya kama 'yar rumfa da kwamfutarsa, shi ne mai neman aikin, shi ne mai yinsa, shi ne kuma mai bin bashi. Jama'a kan haɗa su duka su kira su "Injiniya", alhali kuwa tsara gida daban, lissafin ƙarfin rodi da kankare daban. Tun 1969 dokar soja mai lamba 10 ta kafa majalisar ARCON domin yi wa masanan zanen gine-gine rajista, amma dokar ba ta bin mutum gida ta karɓo masa kuɗinsa.

Babbar hanyar da aiki ke suɓuce musu ita ce ta zanen gwaji. Mutum zai zo da takardar filinsa, ya ce a ɗan zana masa ya gani tukuna, in ya yi masa sai a yi maganar kuɗi. Mai zane, don gudun kada a ce ya cika son abin duniya, sai ya je ya auna fili, ya yi mako guda yana aiki, ya aika da zanen ta WhatsApp. Daga nan sai waya ta daina shiga. Bayan 'yan watanni ya bi ta wurin ya tarar da birkila riƙe da takardarsa ana haƙa harsashi. In ya yi magana, amsar da ya fi samu ita ce ai zane ne kawai, me aka kashe a kansa? A nan matsalar take. Mutanenmu sun saba biyan abin da suke iya taɓawa, buhun siminti, ko bandir ɗin kwano, ko tifar yashi. Tunanin da ya sa iska ke ratsa ɗaki a watan Afrilu, ko ya hana ruwan damina kwanciya a tsakar gida, ba ya zuwa a buhu, saboda haka ba a ganin kuɗinsa.

Sai kuma mai canje-canje, wanda a ganina an fi ɗora masa laifi fiye da yadda ya kamata. Maigida zai amince da zane ran Litinin, ran Alhamis ya dawo ya ce a juya ƙofar falo, mako na gaba a ƙara ɗaki, bayan an zuba harsashi kuma ya tuna yana son bene. Masu zane kan ce irin wannan bai san abin da yake so ba. Amma in aka bi diddigi, galibi an zana gidan ne da bakin mutum ɗaya, alhali mutum goma za su zauna a ciki. Ranar da takarda ta isa cikin gida, uwargida za ta ga an kai ɗakin girki inda baƙon da ke falo zai hango ta. Malamin maigida zai lura makewayi ya fuskanci alƙibla. Shi kansa maigidan yana da niyyar ƙara aure, kunya ta hana shi faɗa. Gidan Bahaushe na dā ya riga ya warware yawancin wannan da zaure da shigifa da turaka, mai zanen da ya kwaso fasalin gidan Turawa daga intanet bai yi waɗannan tambayoyi ba, shi ma yana da nasa kason laifin.

Akwai asarar da ba ta hannun kowa daga cikinsu. Bayan ƙarin albashin Udoji a 1975 ma'aikata sun rungumi gini, a shekarar ce kuma jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Ikko. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, gine-gine da yawa suka tsaya cak. Haka aka sake gani bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, inda a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama. Ma'aikacin da ya yi lissafin gida mai ɗaki huɗu sai ya koma biyu, ko ya fasa. Wanda aka fara sallama kuwa shi ne mai zane, don ana ganin birkila zai iya ƙarasawa da ka.

(Ba yau aka fara ba. Labarin baka ya nuna cewa Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ransa ya rasa a hannun wani mai mulki da ya yi wa gini, don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi.)

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun koyi kare kansu. Ba sa ɗora alƙalami sai an ba da kafin alƙalami. Sukan rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce, a gaban shaidu, a faɗi abin da za a zana, da sau nawa za a yi gyara kyauta, da kuɗin kowane gyara bayan haka. Biya kuma kashi-kashi ne: wani a zanen farko, wani in an amince, cikon kuma kafin a miƙa cikakken zanen da za a kai hukumar tsara birane, irin su KASUPDA a Kaduna ko KNUPDA a Kano. Zanen gwaji ba sa sa masa awo, kuma a ofis ake kallonsa, ba ya kwana a gidan kowa. Wasu kan nemi a zo da uwargida, ko a kai mata zanen ta faɗi nata, tun kafin a kashe kwabo.

Inda duk wannan dabara ke rushewa shi ne wajen dangi. Saurayin da ya gama makaranta bara ba zai iya miƙa wa kawunsa takarda ya ce ya sa hannu ba, balle surukinsa, ko Alhajin da ya taimaka da kuɗin karatunsa. Zai yi zanen, ya yi ta zirga-zirga wurin ginin da man babur ɗinsa, a sallame shi da "Allah ya yi albarka." Wasu sukan tura irin wannan aiki ga abokin sana'arsu wanda ba ya jin nauyin kowa a gidan, shi ya yi ciniki, ya karɓi kuɗi, daga baya su raba.